Tsatsar Jan Ƙarfe

"Lafiya lau, amarya. To, nan ne ɗakin da kika guje ni dominsa?"

Kakan nata tsohon mai gyaran wutar lantarki ne, kuma ta san ba kewarta kaɗai ta kawo shi jami'a ba. Babanta ne ya turo shi ya lallashe ta ta bar binciken nan, ta karɓi aikin ofis da aka samo mata. Ga shi kuma 'yar ƙwayar sinadaran da ta gasa jiya ba ta gwada ta ba tukuna, na baya kuwa duk sun ba ta kunya.

"Wa zai zauna da mijin da haƙoransa suka riga shi ritaya?"

"Ja'ira! Wannan baƙin abin kamar gawayi shi ne karatun?"

"Jan ƙarfe ne da iskar oksijin da wasu sinadarai. Na daka, na danne, na gasa."

"Tsatsa ke nan! Na tsufa ina kankare ta daga waya don wuta ta wuce, ke kuma kin zo jami'a kina toya ta?"

"Wannan in ta yi sanyi ƙarara, wuta na ratsa ta ba abin da ke tare ta. Ko ɗumi ba ta yi."

"In haka ne, ai ni ma kullum da safe tashi sama nake yi," in ji shi cikin gatse.

Ta tsiyaya wa ƙwayar ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, farin tururi ya malale teburin. Ta ɗora ɗan maganaɗisu a kai, ta saki. Bai faɗi ba. Ya tsaya a iska yana juyawa a hankali, ita kanta sai da tsigar jikinta ta tashi. Tsohon ya zura takarda ta ƙarƙashi, ya laluba sama ko akwai zare.

"Ikon Allah! Me ya riƙe shi?"

"Ƙwayoyin lantarkin ciki ne suka haɗu bibbiyu, suna bin shimfiɗun jan ƙarfen. Su suka ture shi."

"Wa ya ɗaura musu auren?"

"Har yau masana ba su gama ganowa ba, Kaka. Abin da nake nema ke nan."

Sai ya fashe da dariya yana goge ido.

"Kin ci ni, mummuna. Ubanki ya je ya yi aikin ofishin da kansa. Ƙara zuba ruwan nan in gani."