Wa Ya Wanke Injin Tsohuwa?

"...lafiya lau, mutanen gida ma lafiya. Kai dai ashe kana da rai?"

Bakanike ya yi maganar ne bai ko ɗago daga bokitin da yake wanke notuna ba. Tun motar tana kan kwana ya ji ta, don ko cikin manyan motoci ɗari aka jefa Tsohuwa, kamar yadda suke kiran motar, zai tsinto ƙarar injinta. Shekara goma sha tara yana duba ta. Babu noti ɗaya a cikinta da bai ɗaure da hannunsa ba, kuma duk wanda ya ɗaure sai ya ɗiga masa fenti rawaya don ya gane nasa. Mai tuƙa ta kuwa taubashinsa ne, ɗan ƙanwar ubansa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su tsokani juna ba.

Sai dai tsokanar yau da ɗaci a ƙasanta. Shekaranjiya mai facin taya ya tsegunta masa cewa Tsohuwa ta faɗi awon hayaƙi, kuma an gan ta a sabon garejin nan mai ƙofar gilashi, wajen wanda ake ce wa Mai Na'ura. Tun ranar abin yake cin Bakanike. Kishi yake yi, ya kuma san kishi yake yi, amma da ya amsa haka gara ya haɗiyi noti. Tsoronsa ɗaya ne, kada a wayi gari gyaran motar ya koma hannun wani.

Direba ya diro riƙe da wata jar takarda.

"Da raina, bawana. Tashi ka gaida ubangidanka."

"Ubangida da takalmi wari da wari? Me ya kawo ka, ɗan Goggo? Na ji an ce ka yi sababbin dangi masu farar riga."

"Ai kuwa. Har kujera mai laushi suka ba ni, da ruwan sanyi. Kai shekara nawa ina zuwa nan, ban da tsohuwar taya me ka taɓa ba ni na zauna a kai?"

"Tayar ma alfarma aka yi maka. Me takardar ta ce?"

"Ta ce motar da kake gyarawa ta fi juji hayaƙi. Jibi za a sake awo. In ta kuma faɗuwa, ita da titi sai kallo."

"Motar da kake tuƙawa dai. Ƙafarka ce ba ta da tarbiyya."

Ya goge hannu a wando, ya taka bamba ya ɗaga bonet. Nan ya tsaya kamar an dasa shi. Injin fes, an wanke shi tas har yana ƙyalli. Maiƙon shekara da shekaru, wanda ya san kowane ɗigo daga inda yake fitowa, babu ko alama. Wurin da ya saba ɗaure tiyo da waya an sa wani farin maɗaurin roba.

"Wa ya wanke ta?"

"Mutanen kirki."

"Na ce wa ya wanke ta?"

"Masu sabulu, ɗan Kawu. Na san ba ka san shi ba, wani abu ne mai kumfa."

"Ka kai ta an tuɓe ta a gaban baƙi. In mai ya fara yoyo yanzu ta ina zan bi sawunsa? Wannan maiƙon da ka raina littafina ne, kullum a ciki nake karatu."

"Shi ya sa karatun naka bai yi nisa ba."

Bakanike ya sa filaya ya tsinke farin maɗaurin, ya wurga shi can bayan gareji, ya mayar da waya. Maɗaurin lafiyarsa ƙalau, ya ma fi wayar riƙo, shi ma ya gani. Ya buɗe gidan filtar iska yana fatan ya samu abin kushewa, sai ya tarar da sabuwa dal, an zaunar da ita daidai. Wannan ya fi komai ba shi haushi.

"To tunda ya sa filta, ai ya gama aikin. Me ka dawo nema?"

"Na zo in ga ko ka rame. Ka kuwa rame."

"Don kai zan rame? Motoci layi suke yi mini a nan."

Direba ya waiga hagu da dama. Akwai wata akori-kura da kaji suka yi gida a ƙarƙashinta, sai keken ɗinkin maƙwabciya da aka kawo a sa wa mai.

"Na ga layin. Allah ya sa ka gama kafin shekara ta fita."

"Hau ka tayar da ita, sarkin surutu. Yanzu zan nuna maka awo na gaskiya."

Ya ciro farin ƙyalle daga aljihun gaba, wanda ba ya goge komai da shi sai wannan aikin. Direba ya murza makulli, Tsohuwa ta yi tari biyu ta kama. Bakanike ya zagaya ya kara ƙyallen a bakin salansa, ya ƙirga ashirin a ransa, ya dawo yana kaɗa shi sama.

"Duba nan. Ya fi haƙoranka fari. Na'urar masu awon ce ke da ciwo, su kai ta asibiti."

"Haka kake awon naka? Inji yana gyangyaɗi?"

"Haka nake yi tun kafin a haifi Mai Na'urarka."

"Su ba haka suke yi ba. Koma ka riƙe."

Ya koma ya riƙe. Direba ya take totur har ƙasa. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe gareji, kajin suka watse, maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tari tana tambayar ko gobara ce. Bakanike ya fito yana fifita fuska. Ƙyallen ya koma kamar an shafi gindin tukunya da shi, shi kansa ido da haƙori kawai ake gani.

Direba ya kashe mota, ya kwanta a kan sitiyari yana dariya.

"Yau na ga an yi wa bawana kwalliya."

"Man da ka sha ne gurɓatacce."

"Gidan man da kai ka nuna mini nake sha."

"To nozul masu fesa mai ne."

"Wa ya gyara nozul wata uku da suka wuce, har ya ce ko jikana ba zai sake taɓa su ba?"

Bakanike ne ya gyara, kuma ya san aikinsa. Iska tana shiga, nozul lafiya, inji ba ya shan baƙin mai, da yana sha da hayaƙin shuɗi zai fito. Baƙin hayaƙi irin wannan abu ɗaya yake nufi, ana ɗura wa inji man da ya fi ƙarfin cikinsa. Zuciyarsa ta ba shi amsar da take so.

"Ya taɓa famfon mai. Wallahi yaron nan Mai Na'ura ya taɓa famfon mai. Ka ga abin da yawon gareji yake jawowa ko?"

"Tun kafin ya gan ta ta faɗi awon, ɗan Kawu. Amma famfon kam ya duba. Minti biyar bai yi ba ya kira ni ya nuna mini wurin. Zo ka gani."

Direba ya hau bamba, ya miƙa yatsa can gefen famfon, kan wani ɗan sukuru mai noti a gindinsa. Shi ne mai ƙayyade yawan man da ke shiga inji. Wankin da aka yi ya fito da shi sarai, ga ɗigon fenti rawaya a kansa, ya tsufa amma ko tsagewa bai yi ba.

"Ya ce an buɗe wannan ya wuce ƙa'ida. Ya ce wanda ya yi ya iya aiki, sai dai da alama ransa a ɓace yake ranar."

Bakanike ya zuba wa ɗigon ido. Sai ranar ta dawo masa gaba ɗaya. Shekara takwas ke nan, lokacin Direba yana ɗaukar dutse daga wajen fasa duwatsu, shi kuma ya raka shi don ya ji kukan inji a hawa. Suna tsakiyar hawan wata mota ta zo ta wuce su da cikakken lodi, motar da wani bakanike na bakin kasuwa yake gyarawa, direbanta har da ɗaga musu hannu. A ranar, tun inji bai huce ba, ya buɗe sukurun nan zagaye ɗaya da rabi. Tsohuwa ta koma hawa kamar ana tura ta. Daga baya aikin dutse ya ƙare, aka koma ɗaukar katifu da kwali, shi kuma ya manta.

"Kai ka ce motar ba ta ja," ya ce a hankali.

"Ni? Ni cewa na yi Allah ya kai mu lafiya. Kai ne ka yini ba ka ci abinci ba don motar wani ta wuce taka."

"Ɗaga hannun ne ya yi yawa."

"Gaisuwa ce fa mutumin ya yi. Shekara takwas ina shayar da gari hayaƙin kishinka, ni ana zagina a titi."

Bakanike ya ji kunya ta rufe shi, sa'arsa ɗaya baƙin da ke fuskarsa ya ɓoye ta. Ya sake duban sukurun, sai wani abu ya tsaya masa a rai.

"To shi gwanin naka, tunda ya gano, me ya hana shi mayarwa? Aikin minti biyu ne."

"Ya ɗauko sifana. Na riƙe masa hannu."

"Don me?"

"Don in zo in ga fuskarka. Ga shi na gani, ta biya ni."

"Faɗi gaskiya, ɗan Goggo."

Direba ya sosa ƙeya, ya kau da kai wajen kajin.

"Na ce masa ya wanke, ya canza filta, ya karanta abin da zai karanta. Amma duk inda ya ga fentin nan, akwai mai shi. Ya ce in na bar ta haka jibi ma faɗuwa za ta yi. Na ce ta faɗi."

Daɗi ya kama Bakanike, don haka ya sunkuya cikin akwatin kayan aiki ya daɗe yana neman sifanar da take hannunsa. Da ya ɗago ya kwance notin, ya mayar da sukurun zagaye ɗaya. Aka tayar, aka take. Hayaƙin ya ragu sosai, saura ɗan toka-toka. Ya ƙara kwata. Aka kuma takewa.

"Yanzu fa?" in ji Direba.

"Ya yi."

"Ya yi a idonka, ko ya yi a takardarsu? Su lamba suke so. In ka rufe da yawa kuma katifa ma sai ta gagare ni."

Nan ne gizo yake saƙar, Bakanike ya sani. Idonsa yana raba baƙi da fari, amma ba ya ba da lamba, kuma jibi babu wanda zai tambayi idonsa. Ya yi ta juya sifanar a hannu. Can ya wanke fuska a bokiti, ya zura sifanar a aljihu, ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ya hau.

"Ina zuwa?"

"Kai ni wajen yaron nan. Shi ya riƙe na'urarsa ya karanta lamba, ni in juya. In ya matso kusa da famfon zan buge masa yatsa. Kuma kujerarsa mai laushi ba zan zauna ba."

"Ruwan sanyin fa?"

"Wannan sai na gani. In mun je ka ce ni fasinja ne ka rage wa hanya."

"Ka makara," in ji Direba yana sa giya. "Tun shekaranjiya na gaya masa ya ajiye na'urar kusa, zan je in ɗauko mai motar."

"Mai motar ai kai ne."

"Ni tuƙi kawai nake yi, ɗan Kawu."

Bakanike ya juya fuska wajen taga, ya yi kamar yana gyara madubi. Sai dariya ta ƙwace masa.

"Yau kam ka ci ni, bawan banza. Ja mu tafi, kuma ka taka a hankali, mota ta mutane ce."