Rabin Kalmar Sirri Yana Hannun Auta

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ajiyar Kalmomin Sirri, mai riƙon amanar da shi kansa bai san abin da ke cikinta ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, ni ce mai karɓar baƙi a wani shagon ɗaukar hoto, shekara goma sha tara ke nan a kan kujera ɗaya. Na san ba ka san mu ba. Na kuma fahimci cewa rashin sanin nan shi ne sana'arka.

Kafin zuwanku, kalmomin sirrinmu suna rubuce a bayan kalanda, kusa da lambar mai gyaran fanka. Kowa ya san su, har mai shara. Wata rana wani da ba mu taɓa gani ba ya shiga shafin shagon, ya maye hotunan jarirai da tallan maganin ƙiba. A ranar Maigida, mai shagon, ya zuba komai a rumbunku, har da mabuɗin ma'ajiyar hotunanmu, ya kulle da doguwar kalma guda wadda shi kaɗai ya sani. Ya ƙone kalandar a gabana.

Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya kira 'ya'yansa biyu, Babba da Auta, waɗanda rabonsu da gaisuwar kirki tun wata rigima a kan kyamara. Ya raɗa wa kowanne rabin kalmar, ya sa su rantse ba za su faɗa wa kowa ba, kuma ba za su rubuta a takarda ba. Nufinsa su riƙa tsayawa a gaban kwamfuta ɗaya kowace safiya. Sai dai rabin farko a kunnen Auta ya zuba shi. Maigida ya rasu wata huɗu da suka wuce. Kwamfutar ta zauna a buɗe yadda ya bar ta, har ranar da aka ɗauke wuta, ta mutu, da ta tashi kuma ta nemi kalmar.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Na rubuto muku sau uku, sau uku kuna amsawa cewa tun a kwamfutarmu ake kulle komai kafin ya iso gare ku, don haka ku ma ba ku ganin komai, kuma ba ku da wani makulli a ɓoye. Na yaba ƙwarai. A layinmu babu wanda bai san abin da maƙwabcinsa ya saya jiya ba, sai ga ku kuna ɗauke da sirrinmu shekara uku ba ku leƙa ba. Amma ranka ya daɗe, duk faɗin kamfanin nan a ce babu ko magulmaci ɗaya? Ina kuke samo ma'aikata?

Na biyu. Tsarinku ya dage sai an rubuta kalmar daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya tsara wannan ba shi da wa, ko kuma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Babba ya ce, "Ni in sa hannu bayan yaron da na goya? Ba a haifi wannan ranar ba." Auta ya ce, "To ya fara mana, wa ya riƙe masa hannu?" Babba ya fara. Kwamfutar ta ce ba daidai ba, da jan rubutu, a gaban masu jiran hoton fasfo. Ya sake, ta sake. Tun ranar bai ƙara kallon inda take ba, in zai wuce ma sai ya zaga ta bayan labule.

Na uku. Kuna tallan cewa ɓarawo zai shekara dubbai yana gwaji bai buɗe rumbun ba. Ina tabbatar muku da ingancin kayanku. Mu da muke da kalmar gaba ɗayanta, a ɗaki ɗaya, tsakanin taku biyar, mun yi kwana arba'in ba mu buɗe ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maigida ya shekara talatin yana ɗaukar mutane hoto, amma bai yarda a ɗauke shi ba. Ko na katin shaidarsa, tsoho ne da ruwa ya cinye fuskar. Sau ɗaya na shammace shi yana gyara fitila yana dariya, na danna. Ya yi faɗa, amma bai goge ba. Hoton nan yana cikin ma'ajiyar, mabuɗinta kuma yana cikin rumbunku.

Matarsa, wadda dukanmu muke kira Mama, ita ke son hoton. Idanunta suna tafiya, likita kuma bai ɓoye mata cewa saura kaɗan ba. Kowace safiya tana zuwa ta zauna a bencin masu jira, jakarta a cinya. Ta roƙi Babba, ya ce, "Mama, ki bari, ana kan gyara." Ta roƙi Auta, ya ce, "Ni a shirye nake tun jiya." Ba ta sake roƙon kowa ba. Gaskiya abin yana ci mini rai, kuma na gaji da yi mata ƙaryar cewa matsalar daga wajenku take.

Saboda haka ba na neman ku buɗe mana, na yarda ba za ku iya ba. Buƙatata ƙarama ce. Ku aiko mana da wasiƙa a takardar kamfani, da hatimi, da sa hannu mai yawan lanƙwasa, ku bayyana cewa a ƙa'idarku wanda ya rubuta rabin ƙarshe shi ke danna maɓallin buɗewa, saboda haka shi ne babba, na farkon share masa hanya kawai yake yi. Ba ƙarya za ku yi ba, haka abin yake. Na faɗa wa Babba da bakina, ya ce ni me na sani. Amma Babba mutum ne mai girmama hatimi. Maganar da ya ƙi ji daga mahaifiyarsa zai ji ta daga kamfanin da bai san da zamansa a duniya ba.

In da hali, kada wasiƙar ta bi layin da amsoshinku suka saba bi, na kwana goma na aiki. Jiya Mama ta shigo da hantsi, manyan fitilun ɗaukar hoto duka uku suna kunne a kanta. Ta zauna, ta gyara jakarta, ta tambaye ni ko yau ma an ɗauke wuta ne.

Taku mai biyayya, wadda ta san komai amma ba ta da ko harafi ɗaya,

Mai karɓar baƙi,
Tebur na farko in an shigo, hannun dama.