Rasuwar 'Yar Baƙa, Kyamarar Abdulbaƙi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Abdulbaƙi Isyaku na Sabon Garin Wudil nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Juma'a, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ba ta da girman kai, ba ta jiran biki ko suna. Ta ɗauki masu jan shanu a kara, kasuwar dabbobi, da masuntan ƙarƙashin gada, da mata masu sussuka a Darki. Ta bi ni Kausani a bayan keke, ta je har Jos a motar kaya ba ta yi ƙorafi ba. Duk maganarta a duniya ba ta wuce "ƙyas" ba, sai "kirrr" in ana naɗe fim.

Babban aikinta shi ne na ƙarshe. Mahaifina, Malam Isyaku, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Na yi roƙo, na yi dabara, a banza. Ranar da soja ya miƙa mulki yana sauraron rediyo a zaure, sai ya ce tunda soja ya sauka da ƙafarsa, shi ma ya sauka daga nasa taurin kan. Ya sa farar rigarsa, ya gyara hula, ya zauna. Ƙyas ɗaya. Damina ba ta yi nisa ba Allah ya karɓi abinsa. Hoton yana cikin 'Yar Baƙa, ina jiran fim ya cika in kai Kano a wanke.

Garin cika fim ɗin ne santsi ya kwashe ni a bakin kogi, muka nutse tare. Na kawo ta gida tana ɗigar ruwa, na ajiye ta a kan turmi, na ruga neman Nathaniel mai gyaran rediyo. Gwaggo Barakatu, ƙanwar mahaifina, ta san yayanta yana ciki. Ta buɗe bayan kyamarar, ta zaro fim ɗin tsaf, ta shanya shi a igiya tsakanin zannuwa cikin ranar azahar, don kada ruwa ya ɓata shi. Shi kuwa fim in ya ga haske ya mutu. Mai wankin hoto a Kano ya ɗaga mini shi, baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe. Ita kuma 'Yar Baƙa, duk ƙoƙarin Nathaniel, ba ta sake cewa "ƙyas" ba.

To wa zan yi wa faɗa? Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Har yau ban gaya wa Gwaggo ba, kullum da safe sai ta tambaye ni yaushe hoton Yaya zai dawo daga Kano.

Marigayiya ta bar jaka ɗaya, da maɗaurin wuya, da batura biyu masu sauran rai, da kwali cike da fuskokin mutanen da ba dangina ba.

Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar a gindin darbejiyar bayan gida. Ba a buƙatar goro ko sadaka. Amma don Allah, don Annabi, duk mai tsohon hoton ɗaurin aure ko na kasuwa ya taho da shi. Malam dogo ne, yana ɗan ɗingishi, yana riƙe da baƙar lema. Ko a can gefe ya gifta, ko ƙeyarsa ce kawai ta fito, ku kawo. Gwaggo za ta gane shi.