Shingen da Wilma Ta Dasa

"Sannu da ɓarna, Kaka! An tashi lafiya?"

Muryar Marnie ce, jikar maƙwabcina Orville. Daga barandata nake jin su tar, don shingen itacen lorel da ya raba gidajenmu a nan garin Troutdale babu shi yanzu. Iskar sanyin Janairu ta ƙone ganyensa ya koma ruwan ƙasa, tsohon ya ɗauko zarto ya kwantar da shi, sai kututture. Marigayiya matarsa Wilma ce ta dasa shi, kuma da tana raye ko ganye ɗaya bai isa ya tsinka ba.

"Ja'ira, ina katakon shingen da na aike ki saye?"

"Ban sayo ba. Ni ba na taya mai kisan kai ɓoye gawa."

"Matacce na sare! Ba ki ga yadda ya bushe ba?"

"Kai ma ai ka bushe ka yamutse. Wa ya sa maka zarto?"

"Ni? Jiya da hannu ɗaya na ɗaga motata."

"Sandarka dai ka ɗaga, ita ma da nishi."

"Yarinya, abin da babba ya hango..."

"Da wane idon? Tabaranka na bisa goshinka tun Kirsimeti, kana ta nemansa."

Ta tsuguna ta zaro reshe daga tarin rassan da ya sare, ta kankare ɓawon da farce. Kore shar, har da danshi. Ta miƙa masa.

"Haka Kaka Wilma ke yi. Ba ta taɓa almakashi sai Mayu, in sabon toho ya nuna mata inda ya mutu. Duk shekarar da sanyi ya yi tsanani sai ya ƙone haka."

Orville ya daɗe yana juya reshen a hannu. Gaskiya tausayinsa ya kama ni.

"Ban taɓa lura ba," in ji shi. "Ita ke kallon shingen, ni ita nake kallo. Bana na leƙa ta taga na ga ya bushe, na ce shi ma ya bi ta. Na kasa jure ganinsa."

"Zai sake tsirowa daga kututturen. Taurin kai gare shi, irin naka."

"Yaushe zai kai taga?"

"Sai ya yi 'yan shekaru."

"'Yan shekaru! Sauri ya haifi nawa." Ya yi 'yar dariya, ya shiga ciki, ya fito da almakashin Wilma. "Kin ci ni. Karɓi. In ya kai taga, ke za ki gyara shi."

"Kai fa, tsoho?"

"Ni dai in kin ga na bushe, ki kankare ni da farce tukuna kafin ki kira mai zarto."