Ranar da Jitata Ta Tara Masu Niƙa

Na dawo Yelwa daga Legas da jita da wata na'ura da ake jona mata, mai juya sautin tsirkiya ya koma na sarewa ko na guguwa. Da irinta makaɗan rok na Turai suke dogayen kiɗe-kiɗensu, waɗanda ake shafe rabin awa ba a kai ga amshi ba. Na ƙudura Inna ce za ta fara jin nawa.

Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, na tayar da janareto, na ƙure sifika. Na rufe ido, na saki wani gurnani mai kauri wanda a nufina farkawar tafkin Kainji ce, ina jin kaina gaban dubban jama'a.

Da na buɗe ido kuwa sai ga jama'a: matan unguwa a layi tun daga zaure, kowace da robar jiƙaƙƙen wake.

"Inna, ashe kun sawo injin niƙa ba ku faɗa muna ba?" in ji maƙwabciyarmu.

Inna ta ga yadda na yi tsuru-tsuru. "Ku zauna," ta ce. "Ɗana ka yi mani kiɗi, ba mai tashi sai ya ƙare."

Suka zauna har ƙarshe, robobi a cinya. Inna kaɗai ke gyaɗa kai, shi ma ba daidai da kiɗan ba.

Har yau in na ratsa kasuwa, sai wata ta ɗaga murya: "Mai inji, yau za a niƙa muna, ko zama za mu yi?"