Ranar Da Na Gyara Wa Yaran Yahudawa Karatu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Lahadi a Manchester, ko da kuwa na so in manta, domin matan layinmu a Tandabawi ba za su bari ba. Ni dai mace ce ta gida. Tun ina amarya Alhaji ya kawo ni Makka, kuma in ka cire Harami da kasuwar Utaibiyya ba inda ƙafata ta sani. Karatuna na allo ne, shi ma bai yi nisa ba. Amma Allah ya ba ni kunne. In yaro ya ja harafi inda ba a ja, ko ina tsakiyar suyar albasa sai na ji, kuma sai na tanka (Alhaji yana cewa da kunne ake ba da shahadar digiri, da ni ce shugabar jami'a).

Abin da ya fitar da ni haihuwar Rumasa'u ce, 'yata ta fari, wadda mijinta ke aikin asibiti a can Manchester. Na isa na tarar duk layin ba wanda ya san ta sai mace ɗaya, maƙwabciyarta Miriyam. Ita ta kai ta asibiti ranar naƙuda, ita ta riƙe mata Ilham, babbar 'yarta mai shekara huɗu, ita ke aiko da miya. Rumasa'u ta ce, "Umma, in ba don matar nan ba da na haukace a garin nan. Don Allah ki riƙe mini ita da kyau."

Na dubi matar. Kanta a rufe, siket har ƙasa, ba ta ba namiji hannu. Mijinta ga gemu ga 'yar hula. Ɗansu Dawid, wato Dauda. Ita kuma ai Maryamu ce. Na ce a raina, masha Allah, Musulunci ya yi nisa. Ban tambayi kowa ba, don me zan tambaya, ni da na fito daga Makka?

Ranar Lahadin aka ce Ilham za ta fara Islamiyya. Ubanta yana wurin aiki, mai jego ko tsayuwa da ƙyar. Ta ce, "Umma, a ƙarshen layi take, za ki ga mata da yara suna tafiya, ki bi su. Ko in kira wani ya raka ki?"

"Ke Rumasa'u, ni za a nuna wa makarantar Alƙur'ani? Kwanta abinki."

Muna fita sai ga Maryamu da Dauda, an sa masa farar riga. Turancina bai wuce gaisuwa ba, sai na nuna Ilham, na nuna Dauda, na yi alamar littafi da hannu. Matar ta dafa ƙirji, fuskarta ta cika da murna (daga baya na ji ashe ta ɗauka na zo taya ta murnar ranar farko ta ɗanta a makaranta ne). Muka bi su har makarantar. A ƙofa akwai mai gadi, Maryamu ta yi masa magana ya buɗe mana. Na ji wani dattijo ya ce wa wani, "Shalom alekem," ya amsa, "Alekem shalom." Na ce oho, harshen Turawa ne, harafin sin ya gagare su. A Harami wane irin lafazi ne ban ji ba?

Ɗakin yaran kuwa, ni dai tsayawa na yi. Ƙanana ne, wasu ko magana ba ta gama zama a bakinsu ba, suna zaune a 'yan kujeru, iyaye a baya. Malamarsu tsohuwa ce, gajera, fatarta irin ta mutanen Yaman, suna ce mata Mora. Ta ɗauko wasu alluna masu rubutu, ta ɗiga zuma a kan haruffan, ta bi sababbin yara ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya sa yatsa a harafi, ya faɗi sunansa, ya lashe. Dauda ya lasa, uwarsa tana share hawaye. Ilham ba wanda ya kira ta, ta miƙa yatsa ita ma, tsohuwar ta yi dariya ta ba ta. Nan na tuna Innata a Sakkwato tana wanke mini allo, ta zuba zuma a ruwan ta ce in shanye karatu ya zauna.

Sai aka fara karatu. Malama ta nuna bango da sanda, daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, yara suna rangaji gaba da baya kamar yadda muke yi. "Alef! Bet! Gimel! Dalet!"

Kunnena ya motsa. Alif na ji, Ba ma na yafe. Amma ina Ta, ina Sa? Wane ne Gimel? Na daure. Na ce baƙuwa ce ni. Suka yi ta tafiya har suka iso wani harafi mai haƙora uku, malama ta ce, "Shin! Shalom!" yara suka ɗauka, "Shalooom!" Har da jikata, da baki duk zuma.

Nan haƙurina ya ƙare. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tafa hannu, na je gaba, na karɓi sandar daga hannun baiwar Allah (ta kuwa sakar mini, don mamaki). Na ce da Larabci, "La, la, ya aulad! Sin ce, ba shin ba. Ku ce salaaam!"

Yara ba ruwansu. Duk ɗakin suka amsa, "Salaaam!"

"Ahsantum! Alif! Ba! Ta! Sa!"

"Alif! Ba! Ta! Sa!"

Daɗi ya kama ni, na juya in nuna musu Ta ɗin a bango. Na nema na rasa. Na matsa kusa. Haruffan nan kowanne a tsaye shi kaɗai kamar an sassaƙa, ba wanda ya riƙe hannun ɗan'uwansa, babu ko ɗaya da na sani. Daga nesa na ɗauka irin rubutun ado ne na bangon Harami. Na waiwayo wajen iyaye. Maryamu ta rufe baki da hannu biyu.

Tsohuwar ta matso, ta kama hannuna a hankali, ta yi magana da Larabci tsantsa, irin na masu shago 'yan Yaman da ke unguwar Misfala a Makka. "Ya hajja, barka da zuwa. Mu Yahudawa ne. Nan makarantar yaran majami'armu ce. Taku tana gaba kaɗan, kusa da mai gyaran taya."

Wallahi ba kunyar kaina ce ta fi damuna ba, Rumasa'u na tuna. Mace ɗaya tal gare ta a garin nan, ta ce in riƙe mata, ni kuma na shigo ɗakin ibadarsu ranar farin cikin ɗanta na ƙwace sanda. Na shiga ba da haƙuri, Hausa da Larabci duk a cakuɗe.

Tsohuwar ta ce, "Tsaya tukuna. A Adan ta ƙasar Yaman aka haife ni. Kin san abjad?"

Na ce wa bai sani ba, yaran Makka har waƙarsa suke yi. Ta ce to in faɗa a hankali. Na fara, "Abjad, hawwaz," ita kuma tana bin bango da sanda, "Alef, bet, gimel, dalet. He, waw, zayin." Na ce "huɗɗi, kalaman," sandarta ba ta tsallake ko ɗaya ba. Harafi bayan harafi, jeri ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya da aka raba tun suna goye. Sannan ta sa yara suka rera sunayen da suke koya, na ji Abraham, na ji Yisak da Yakob da Moshe. Ni da nake zaune kusa da Maƙamu Ibrahim shekara da shekaru, ban taɓa kawo wa raina cewa a wani gari mai sanyi akwai 'yan yara da ke lasar zuma suna kiran sunansa ba. Na ce Subhanallahi, na sake cewa, har tsohuwar ta taya ni.

Duk da haka a hanyar gida ban iya kallon Maryamu ba (Islamiyya kuwa ranar ba a je ba). Na faɗa wa Rumasa'u, ta dafe kai ta ce, "Umma! Sandar ma kika karɓa?" Ilham, da ke kirana Sitti, ta ce, "Sitti ta iya koyarwa, kowa ya ce salam." Muka yini jugum, ko motsin gidan su Maryamu na ji sai in kasa kunne.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, Maryamu ce da kwalbar zuma, Dauda yana riƙe da siket ɗinta. Ta gyara tsayuwa kamar ɗaliba, ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Salaaam," ta ja sin ɗin nan har sai da dariya ta ƙwace mata. Na karɓi zumar, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Shalom." Rumasa'u daga ɗaki ta ce, "Umma, shin ce fa, kin tabbata?"

Mako na gaba da zumar na kai Ilham Islamiyyar gaskiya, na roƙi malaminsu ya ɗiga mata a Alif. Kunnena har yau yana nan yadda yake, ba ya barin kuskure ya wuce. Sai dai yanzu in na ji karatu ya karkace, nakan fara leƙa allon tukuna in ga ko nawa ne.