Rasuwar Uwar Maƙerar Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Dogo Maƙeri na Gazawa yana sanar da manoma da abokan sana'a rasuwar uwar maƙerarsa, ƙarfen da ya yi shekara ashirin da shida yana dukan fartanya a kansa. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana saura kwana kaɗan shuka.

Marigayiyar asalinta muƙamuƙin injin fasa dutse ce, zubin ƙarfen manganis, irin wanda duka ke ƙara wa tauri. Ba ta taɓa tsagewa ba. Duk unguwa an san muryarta: ƙwal, ƙwal, tun daga bakin tasha.

Ciwon ajalinta ya zo ne ta hannun Hamisu, mijin 'yarsa Nana Aisha, wanda ya yi wata uku a garejin Maraɗi ya dawo yana gyara wa tsofaffi magana. Dogo ya tafi gaisuwar mutuwa ƙauye. Hamisu ya ga ɗan lotso a bayanta, ya tausaya mata. Ya haɗa gawayi buhu biyu ya gasa ta har ta yi ja don ya daidaita lotson, sannan ya binne ta cikin toka kwana biyu, wai ta huce a hankali kada ta wahala.

Da Dogo ya dawo, guduma ɗaya ya sauke mata. Ta ce tas, ta rabe uku.

Jaye makanike, wanda ya duba gawar, ya nuna masa bakin karayar, tsaki-tsaki kamar ɓarzajjen gero. Ya ce wannan ƙarfe, in ya yi zafi sosai aka tsoma shi cikin ruwa nan take, ƙwayoyin cikinsa sukan riƙe juna gam. In ya huce sannu a hankali, wani abu mai gautsi kan taru a tsakaninsu ya raba su. Randar ruwan maƙerar kuwa tana nan taku uku daga inda Hamisu ya tsuguna yana lallaɓa toka.

Ta rasu ta bar guduma biyu, da awartaki, da zugazugi, da fartanya talatin da masu su ke zuwa tambaya kullum safe. Ta kuma bar Hamisu, cikin ƙoshin lafiya, abin da iyalan ke roƙon Allah ya ba su haƙurinsa.

Za a kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe ranar kasuwa bayan azahar. Ba a buƙatar amalanke: Hamisu zai ɗauke ta a ka, sawu uku, ta tsakiyar rumfunan maƙera. Ana karɓar gaisuwa a maƙera. Nana Aisha tana iya zuwa, ita kaɗai.